Tsaga Bakwai a Jikin Turke

Ƙungiyarmu ta ƙwallo, Guduma, ba ta da ofis balle littafin tarihi. Tarihinta a jikin ƙarfe yake, a turken raga na hagu, wanda ke kusa da famfo. Kawuna ne ya haɗa turakun nan shekara talatin da suka wuce, da ragowar bututun ruwa daga shagonsa na walda, lokacin filin bai wuce juji da ƙaya ba. Duk shekarar da muka ɗauki kofin unguwanni, kyaftin yakan ɗauko zarto ya yi tsaga ɗaya a jikin turken, daidai ƙirjin mutum. Bakwai muka tara. Ba su da yawa, amma babu wadda aka ba mu kyauta.

Wutar walda ta cinye wa Kawu idanu, shekara shida ke nan ba ya gani. Ni tela ne, ni nake ɗinka wa ƙungiya riguna tun da gwiwata ta sallame ni daga tsaron baya, kuma ni nake riƙe hannunsa duk ranar wasa. Kafin a busa usur sai na kai shi gaban turken ya bi tsagogin da yatsa. Ta farko mai zurfi tasa ce. Ta biyar rabinta zarto rabinta magagari, don haƙoran zarton sun zube a tsakiya. Ta uku kuwa a karkace take, marigayi Dogo ne ya yi ta da hagu, domin ya karya hannun dama a wasan ƙarshe ya ƙi fita. Nan yatsan Kawu ya fi daɗewa. Abin da ya rage masa na ƙwallo ke nan da zai iya gani.

Bana muka yi sabon ciyaman, mai shagon kayan gini, mutumin da ko ƙwallon tsumma bai taɓa shura ba. Shi ya ce a yi bikin cika shekara talatin. Saura kwana uku na kai sababbin riguna fili, sai na tarar da turaku farare fes suna sheƙi, tsofaffin ko alamarsu babu. Mai share filin ya ce an ba 'yan gwangwan. Na bi sawu har wurinsu, aka nuna mini inda mota ta tsaya ta yi lodi jiya.

A shago na sami Ciyaman yana danna waya, ƙafa ɗaya kan buhun siminti.

"Ranka ya daɗe, turken nan akwai tarihi a jikinsa."

"Tsatsa dai, Tela. Tsatsa ce a jikinsa. Baƙi za su zo su ga ƙarfen da ko akuya ba a ɗaure wa?"

Na yi masa bayanin tsagogin, na faɗa masa Kawu da su yake gani. Ya yi dariya har da buga cinya.

"Tsaga ce matsalar? Ai sai ka faɗa tun farko. Je ka kwantar da hankalinka, tsoho zai sami tsagarsa."

Na fito daga shagon. Kuma in faɗi gaskiya, ban gaya wa Kawu ba. Sau biyu ina zuwa ƙofar ɗakinsa da maganar a bakina, in ƙare da tambayarsa ciwon baya. Na ce wa kaina tausayinsa nake ji. Tsoro ne kawai.

Ranar biki aka kafa rumfuna, aka jera kujerun roba, lasifika tana ta kirarin Ciyaman kamar shi ya haifi ƙwallo. Tsofaffin 'yan wasanmu an ba su layin gaba da lemo mai sanyi, kowa ya san abin da aka yi wa turken, kowa ya sa bakinsa a kwalba. Mai gabatarwa ya ce yanzu uban ƙungiya zai taɓa tarihi da hannunsa. Masu ɗaukar hoto suka taso, Ciyaman ya gyara hula ya matso don kada hoto ya wuce shi.

Na ja Kawu muka isa. Ya ɗora tafinsa a ƙarfen, na ga fuskarsa ta canza. Wataƙila ya ɗauka fenti aka yi. Ya laluba daidai ƙirjinsa, ya sami tsagar farko. Sai a lokacin ni ma na dube su da kyau. Da injin yankan ƙarfe aka yi su, a jere, tsawo ɗaya, zurfi ɗaya, kamar haƙoran mataji.

Yana ƙirgawa a hankali, leɓensa yana motsi. Da ya kai bakwai ya tsaya zai ɗauke hannu, sai yatsan ya zame ya faɗa cikin ta takwas. Ya bi su har sha biyu. Ya koma sama ya nemo ta uku, ya shafa, ya sake shafawa.

"Ina ta Dogo?"

Makirufo yana kusa da bakinsa, kowa ya ji. Ciyaman ya karɓe shi yana murmushi.

"Duk suna ciki, Baba, har da gyara. Bakwai a shekara talatin ai sai a raina mu. Biyar ɗin nan ni na ƙara wa ƙungiya daga aljihuna."

Aka yi dariya, aka tafa. Na waiga na ga mai tsaron ragarmu na da, wanda ya ɗauki Dogo a kafaɗa ranar da aka yi tsagar nan, yana tafi da kwalba a hammata. Ban taɓa jin ƙyamar mutane irin ta wannan rana ba, kuma rigunan da ke jikinsu ni na ɗinka.

Kawu ya janye yatsansa ya goge a jikin riga, kamar ya taɓa wani abu a kwata.

"Kai ni gida."

Ba a ko fara wasa ba muka fito. Mun wuce famfo, mun shiga lungu, hayaniyar lasifika tana raguwa a bayanmu, sannan ya yi magana.

"Tun yaushe ka sani?"

"Kwana uku, Kawu."

"Kuma ka ja ni gaban mutane."

Ya zare hannunsa daga nawa a hankali, ya miƙa shi gefe har ya taɓa katanga. Da ita ya bi har gida, ina biye da shi taku biyu a baya, bai sake neman hannuna ba.