Tsawon Abdulƙadir, Muryata

Ni Sabiru, Allah ya ba ni murya ya hana ni tsawo. In na yi tsawa daga cikin ɗaki yara su watse, in na fito su dawo suna dariya. Na daɗe ina bin Darakta Tajuddeen ya ba ni fitowar bos a fim. Sau ɗaya ya gwada ni, ya kifa turmi na hau, aka ɗauke ni daga ƙasa. Da ya kalli hoton sai ya ce, "Sabiru, ko bisa rumbu munka aza ka, ba ka ba kowa tsoro."

Sai ya samo Abdulƙadir, wani tela a Sabon Gari, mutumin Tsafe. Dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga shagonsa, amma muryarsa 'yar siririya, ga kunya, ko kaza ba ya iya yankawa. Tajuddeen ya haɗa mu aiki. Shi ya naɗa rawani ya rataya bindigar katako a bayan duwatsun Bungudu yana motsa baki, ni kuma na zauna a situdiyo na ɗora maganar. Mu biyu muka tashi shugaban 'yan bindiga guda. Raina ya sosu, don shi ake nunawa a titi, ni ko sannu.

Daga baya wani mara tsoron Allah ya yanko wurin da Abdulƙadir yake barazanar ƙone gari, ya goge sunan fim ɗin, ya watsa a wayoyi a matsayin gaske. Abdulƙadir ya daina fita, daga gida sai shago.

Ranar da ƙanwarsa Hafsat ta bugo ta ce Iya, mahaifiyarsu, ta rasu a Tsafe, shi ake jira a yi mata sallah, wurina ya zo idonsa jawur. Na raka shi tasha.

Yana sa ƙafa a motar Tsafe wata mata ta fizgi ɗanta ta fita, sauran suka bi ta. Mas'udu direba ya ja mu gefe.

"Malam Abdulƙadir, na san ka, kai ka ɗunka min wagga riga. Amma masu tsaron hanya ba su san tela ba. Kowa na da hoton ga cikin wayatai, kuma ba tambaya za su tsaya yi ba."

"Uwata ta, Mas'udu," in ji shi, da ƙyar ake jin sa.

Na ce a rufe masa fuska da rawani, ko ya zauna a baya ya duƙa.

"In sunka ce kowa shi fito fa?" in ji Mas'udu. "Fuska ana ɓoye ta. Tsawon ga ina za mu kai shi?"

Na kira Tajuddeen, wayarsa a kashe. Zuciya ta ɗebe ni, na haye bencin mai shayi na ce wa jama'a fim ne, kuma muryar da suke tsoro tawa ce. Na buɗe maƙogwaro na yi musu barazanar nan kaf, yadda take a waya. Tashar ta yi tsit. Na ɗauka an gama.

Sai wani ɗan kamasho ya fashe da dariya. "Kai, gajeren ga ya iya kwaikwayo! Ƙara muna!"

Kowa ya ɗauka. Har mai shayin sai da ya riƙe ciki. Na rantse, na sake rantsewa, suna ta dubana daga sama har ƙasa, abin da ba ya ɗaukar lokaci. Ban taɓa tsanar jikina kamar ranar ba. Ina kan bencin motar ta cika da wasu ta tashi.

Wayar Abdulƙadir ta yi ƙara. Ina jin muryar Hafsat tana kuka, tana cewa liman ya ce rana na yi, ba a iya ƙara jira.

"Ku kai ta," ya ce. "Allah shi gafarta mata."

Ya sulale ya zauna a ƙasa, cikin ɓawon rake da baƙin mai, hularsa ta faɗi. Na sauko na tsaya a kansa. Ranar na fara ganin tsakar kansa. Ashe har ya yi furfura.