Ranar da 'Yan Kuza Suka Ƙi Sauka

Tun da aka tsayar da aikin haƙar kuza a Riruwai garin ya yi ta raguwa. Baƙin ma'aikata suka ɗaure kayansu, motoci suka yi ta gangarawa da su, gidajen kamfani suka koma na jemagu. Maikano bai tafi ba. A da shi direban motar kwasar ƙasa ne, da aka sallame shi ya koma noman masara a gindin dutse. Da yamma kuma shi yake horar da ƙungiyar ƙwallon garin, wadda ake kira 'Yan Kuza.

Filinsu da hannu suka yi shi, a wani sarari tsakanin duwatsu biyu. Suka tone duwatsun da za su tonu, suka cike ramuka da yashin wankin kuza. Gefe ɗaya ya ɗan karkata, amma ciyawarsa kore shar, irin wadda ba a samu a garuruwan ƙasa, waɗanda ba sa kan duwatsu kamar Riruwai.

A daminar 1987 wasu masu sha'awar ƙwallo suka shirya gasa tsakanin garuruwan kudancin Kano. 'Yan Kuza suka je waje suka ci wasanninsu, saura wasan gida da 'yan Yako. Sai shugaban gasar, Alhaji Rufa'i, ya aika a kira Maikano zuwa Tudun Wada.

Bayan sun gaisa Alhaji ya ce, "Malam Maikano, mun zauna mun duba. Wasanku na gida a nan za a yi shi."

"Allah ya ƙara girma, Alhaji, ai nan ba gidanmu ba ne."

"Garinku ba ya shiguwa da damina. Ga ruwa kullum, ga sanyi, gajimare ya sauko har mutum ba ya ganin raga. Alƙalin wasa ma ya ce ba zai hau ba. Kuma tsakani da Allah, wa ya rage a can da zai kalla?"

Maikano ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Ya gyara zama.

"Mu muka rage, Alhaji. A sanyin nan aka haifi 'ya'yana, kuma ba wanda ya kashe. Da bazara ku a ƙofar gida kuke kwana kuna fifita, mu da mayafi muke barci. Mun je garin kowa mun sha ranarsa ba mu yi ƙorafi ba. Su ma su zo su sha ruwanmu."

"In ba ku zo ba za a cire ku."

"Ranar Asabar bayan la'asar muna filinmu. Wanda ya zo ya same mu."

Da ya koma ya tara 'yan wasan ya faɗa musu komai. Hamman, mai tsaron raga, wanda rugarsu take can saman dutse, ya yi dariya ya ce shi dama shanunsa ba su yarda ya yi nisa ba. Amma Isa, wanda ya fi kowa zura ƙwallo, ya ɓata rai.

"Baba Maikano, an ce masu neman 'yan wasa daga birni za su je Tudun Wada. Ka san ba za su taɓa hawowa nan ba. Don fili kawai za ka rufe mana ƙofa?"

"Ban rufe maka ba, Isa. Hanya ga ta nan, ka je da albarkata. Amma sunan garin nan ba zai je ya yi aron gida ba. Yau in mun yarda ba a iya wasa a nan, gobe za su ce ba a iya zama."

Isa ya tafi ran Juma'a. Maikano ya raka shi tasha, ya dawo bai ci abincin rana ba. Matarsa Saude ta dube shi ta ce, "Malam, in ka san za ka yi nadama, tun yanzu ka bi shi."

"Ba nadama ba ce," in ji shi. "Zafi ne kawai."

Ranar Asabar aka wuni ana ruwa. Dab da la'asar ya ɗauke, gajimare ya janye daga kan dutse, iska mai sanyi ta taso da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Mutane suka fito. Tsofaffi suka naɗe cikin barguna suka zauna kan falalen dutse, matan ruga suka sauko da ƙoren nono, Saude ta kafa murhun gasa masara. 'Yan Kuza suka shiga fili cikin rigunansu, suka tsaya suna kallon hanya.

Ba wanda ya zo.

Da rana ta fara yin sanyi Maikano ya sa usur a baki ya busa da ƙarfi. "Ƙwallo muka ce za a yi, kuma za a yi ta!" Ya raba su biyu, 'yan cikin gari da 'yan ruga. Aka yi ta zamewa cikin taɓo, ihun 'yan kallo yana bugun duwatsu yana dawowa. Har aka kira magariba ba wanda ya tashi.

Aka cire su daga gasar. Isa ya samu wata ƙungiya a Kano, bai dawo da zama ba.

Wajen ƙarshen damina, wata ranar kasuwa, sai ga wata ƙaramar bas ta shigo gari, samari suna tura ta daga baya, jikinsu duk laka. Wani dogo ya tambayi gidan Maikano, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, sunana Ɗanasabe, ni ne kyaftin ɗin 'yan Yako. An ce mun ci ku, alhali ko ganinku ba mu yi ba. A gida har tsokanarmu ake yi. Shi ne muka zo da kanmu."

Aka buga da yammar nan cikin yayyafi, 'yan Yako suka ci biyu da ɗaya. Maikano ya yi ta faɗa da 'yan bayansa kamar zai cinye su, sannan ya sa aka kai baƙin masauki, aka dafa musu shayi mai citta, don haƙoransu sai haɗuwa suke.

Da safe direba ya ɗumama mota, amma Ɗanasabe ya tsaya yana kallon wani farin zare da ke gangarowa daga ƙirjin dutse.

"Wancan mene ne?"

"Ruwa ne," in ji Hamman. "Akwai kwarmi a ƙasansa, nan muke wanka. Amma da hawa, ban sani ba ko ƙafar mutanen ƙasa za ta iya."

Ɗanasabe ya ce wa direba ya kashe motar. Suka naɗe ƙafar wando, Hamman a gaba da sandarsa, suka kama hawa.