Huɗar da Jalo Bai Riƙe Garma Ba

A duk ƙauyen Masanawa, in ka ga kunyoyin gona sun miƙe sambal kamar an ja su da zare, ba sai ka tambaya ba, huɗar Jalo ce. Shi ma ya san da haka, shi ya sa ba ya bari kowa ya taɓa masa garma. To, ruwan shuka na sauka, ƙafarsa ta faɗa ramin gafiya yana jan bijimi, gwiwar dama ta murɗe, ya ji ƙas. Kafin azahar ta kumbura suntum.

Malama Zulaihat, ma'aikaciyar lafiyar da ta duba shi a Kabo, ba ta yi masa rufa-rufa ba.

"Malam Jalo, ina zargin jijiyar da ke riƙe gwiwa ce. Ko ta tsinke ko buguwa ta yi, sai likitan ƙashi ya gani a Kano mako mai zuwa. Kafin nan kada ka kwanta ka zama kayan ɗaki, ƙafar za ta sanƙare. Ka riƙa takawa da sanda inda ƙasa take a baje, ka miƙe gaba ɗaya. Amma ban da tsuguno, ban da juyi a kanta. Salla ma a zaune."

"Huɗa fa?"

"Garma ba ta fizgar mutum?"

Jalo ya fi ta sanin amsar.

Ga gonar gyaɗarsa ta sha ruwa, laima kuwa ba ta jiran kowa. Ga kuma Ɓaleri da Daneri, bijiman nan nasa masu taurin kai, da ba sa jin muryar kowa sai tasa. Abin ya dame shi ƙwarai. Sai da ya haɗiye girman kai kamar maɗaci, sannan ya aika a kira masa taubashinsa Maikuɗi, mai kiran kansa manomi alhali rabin damina a bakin tasha yake yin ta.

"Ashe akwai ranar da sarkin huɗa zai nemi bawansa," in ji Maikuɗi yana dariya. "Ina gwiwar? Kawo in ja maka ita ta koma."

"Ja garma dai, in ka iya."

Da sassafe aka ɗaura wa shanu karkiya. Maikuɗi ya kama garma, Jalo kuwa ya bi 'yar hanyar ƙafa da ke gefen gona, wadda sawu ya daddaɓe. Yana dogara sanda, yana takawa a hankali, yana yi wa bijiman magana da irin kiran da ya gada wurin kakansa makiyayi. In sun kai ƙarshen kunya ya yi musu tsawa su juyo, shi kuma ya zagayo da ƙananan taku kamar tsohuwa mai ɗauke da tulu. In gwiwar ta fara zugi, ya zauna kan kututture ya ɗora ƙafar bisa dutse, muryar dai ba ta huta ba.

Shanu sun yi biyayya, amma hannun Maikuɗi Allah ya sawwaƙe. Kunya ta tafi gabas, ta leƙa kudu, ta dawo. Jalo yana kallo, zuciyarsa tana tafasa. Da garmar ta sake karkacewa a tsakiyar gona, bai san lokacin da ya jefa ƙafa cikin huɗa ba.

"Kauce ka ba ni!"

Ƙasa mai laushi ta nutse da diddigensa, gwiwar ta yi lagwaf kamar za ta zame daga mazauninta. Ya ƙame. Maikuɗi ya daina dariya, ya saki garma ya matsa gefe. Ga mariƙinta nan taku kaɗan daga inda Jalo yake, ya yi santsi da gumin hannunsa na shekaru. Jalo ya dube shi, ya dubi gwiwarsa. Sannan ya dafa sanda, ya ja da baya ya koma kan hanyarsa.

"Ɗauki abarka, ɗan tasha. Ɓaleri, mu je!"

Kafin rana ta take an gama gonar, laima tana nan daram. Suna kwance karkiya sai ga Bappa, dattijon unguwarsu, a kan keke. Ya tsaya, ya ƙare wa kunyoyin kallo, ya riƙe haɓa.

"Subhanallahi! Jalo, wa ya yi maka wannan ɓarna?"

Maikuɗi ya sunkuyar da kai. Jalo ya gyara tsayuwa a kan ƙafafunsa biyu.

"Huɗata ce, Bappa. Ta bana ke nan. Ka dawo baɗi ka ga wadda zan yi da hannuna."