Ɗigo Mai Taɓo a Ƙafa

Mai kabu-kabu ya taka birki a bakin gulbi, ya sauke ƙafa ɗaya ƙasa ya ce, "Malama, iyakata ke nan. Ruwa ya zo, ko mahaukaci ba ya shiga da mashin."

Malama Naja'atu ta sauka, ta dubi ruwan, ta dubi agogon wayarta, ranta ya ɓaci. Tun da ta fara koyar da lissafi a makarantar jeka-ka-dawo ta Bukkuyum ba ta taɓa makara ba. A cikin gari take zaune, kafin a kaɗa ƙararrawa tana gaban allo da alli a hannu. Ciwon ƙafar Inna, mahaifiyarta, ne ya kai ta Adabka ƙarshen mako, ta ce ta kwana ta yi sammako. To, ga sammakon ya kawo ta gaban jan ruwa mai gudu, kuma yau ɗin da ake taron iyaye da malamai, taron da ya hana ta sukuni.

Ita ta jawo abin da hannunta, wannan shi ya fi ci mata rai. Kwanakin baya ta zo koya wa 'yan aji biyar darasin dangantaka, wato yadda abu biyu ke tafiya tare, in wannan ya hau wancan ya hau, ko in wannan ya hau wancan ya sauka. Don yara su gane, sai ta ɗauko makinsu na gwaji a darussa biyu, noma da lissafi. Ta ja layi a kwance na noma, ta ja layi a tsaye na lissafi, kowane ɗalibi ta yi masa ɗigo ɗaya. Da ta gama, ɗige-ɗigen nan suka gangaro tamkar an zubo gero daga kwano: duk wanda ya yi fice a noma, yana can ƙasa a lissafi.

Ƙaddara ta biyo da shugaban makaranta, Alhaji Mu'azu, ta bakin taga. Mutumin kirki ne, amma masu duba makarantu sun sa shi gaba kan faɗuwar yara a lissafi har ya rame. Ya leƙo, ya ga zanen, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Allahu Akbar! Malama, ashe ɓarawon a cikin gida yake! Gona ce ke cinye mana yara."

Ta ce masa, ranka ya daɗe, tafiya tare ba ita ce haddasawa ba. Ya ce to mene ne ya haddasa? Ta yi shiru, don ba ta sani ba. Shirun nan shi ya ɗauka amsa. Ya sa aka kwafe zanen a babbar takarda, ya yanke shawarar a rufe gonar makaranta, a mai da darasin noma na baki kawai, shi kuma Malam Haladu, malamin noma, a mayar da shi ofis ya jira ritaya. Amincewar iyaye kaɗai ta rage.

Malam Haladu kuwa shi ya sare gonar nan tun tana fako. Tun ranar da ya ji labari, in ta ce masa, "Baba Haladu, ina kwana," sai ya ce "Lafiya" yana kallon wani wuri. Mutumin da ke ajiye mata ɗanyar kuɓewa a kan tebur.

"Malama! Ke ce yau a nan?"

Ta waiga. Yarinya ce 'yar ajinta, Dija, da littattafai ɗaure cikin leda a ka. Bayanta ga Tasi'u, dogon yaron nan da ke zama a kujerar ƙarshe, ya naɗe wando har gwiwa. Bayansu ga wasu, ga wasu, duk masu kayan makaranta, zaune a kan duwatsu kamar masu jiran rabo.

"Me kuke jira? Ga jirgi can."

Tasi'u ya yi dariya. "Malama, sai ya gama kwashe mashina da 'yan kasuwa. Mu ne ƙarshe kullum."

"Kullum?"

"Da damina kullum. Da rani kuma mu taka da ƙafa, amma tafiyar ce da nisa."

Haka ta zauna cikinsu har jirgin ya yi sawun da zai yi. Da ya kawo su ɗaya gaɓar bai kai tudu ba, kowa ya dira cikin jan taɓo. Ita ma ta riƙe takalma a hannu ta dira, taɓon ya kama gefen rigarta. Suka miƙi hanya da sauri, tana tsakiyarsu tana haki, tana duban fuskoki ɗaya-ɗaya. Wani abu ya fara yi mata motsi a ƙirji, amma ba ta kama shi ba tukuna.

Sai a bakin ƙofar makaranta ta kama shi. Malam Dabo, mai kula da ladabtarwa, yana tsaye da tarin fartanyoyi a gabansa. Bai ko ɗaga murya ba. Yaran ma ba su jira ya yi magana ba, kowa ya ajiye leda, ya ɗauki fartanya, ya nufi bayan azuzuwa.

"Malam Dabo, ina za su?"

"Gona mana. Wanda ya makara, gona, har a gama darasin farko. Ai haka muka tarar ana yi, ya fi bulala."

"Darasin farko na 'yan aji biyar wane ne?"

Ya dube ta kamar ta tambaye shi sunanta. "Naki ne, Malama."

Innalillahi! Ita kullum tana cikin aji a wannan lokaci, bayanta ga ƙofa. Tana ganin kujerun da ba kowa, ta ɗauka lalaci ne. Ta bi yaran a baya, ta laɓe jikin bishiyar dalbejiya. Ga Malam Haladu cikin masara, da tsohuwar malafarsa. Shi ba ya yarda da horon banza, duk wanda aka turo masa sai ya koya masa wani abu. Ya durƙusa yana nuna wa Dija ƙarƙashin ganye, yana gaya mata sunan tsutsar da ke cin zuciyar masara da lokacin da take ƙyanƙyasa. Kowace safiya yaran nan suna samun ƙarin darasin noma, a daidai sa'ar da suke rasa na lissafi.

Dariya da kuka suka taso mata lokaci ɗaya. Ta juya a guje ta nufi madafar masu sayar da abinci, ta roƙi bokitin toka.

Da hantsi iyaye suka cika inuwar bishiyoyi, maza a kan benci, mata a kan tabarmi daga gefe. Alhaji Mu'azu ya kafa babbar takardar nan, ya yi bayani da sanda, ya yi shi da kyau kuwa. Ya ce ba ƙiyayya yake da gona ba, shi ma ɗan manomi ne, amma lamba ba ta ƙarya. Kawuna suka fara gyaɗawa. Wani dattijo mai suna Makau, mahaifin Tasi'u, ya miƙe ya ce, "In noma munka so ya koya, ai ga gona nan gida. Boko munka kawo shi. A rufe ta." Malam Haladu na zaune can ƙarshen benci, malafa a gwiwa.

Naja'atu ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, zanen nan nawa ne. Ina neman izini in sake zana shi, amma a ƙasa."

Alhaji Mu'azu ya ɗan ɓata fuska, sannan ya ce bisimilla. Ta ɗauki bokiti ta ja dogon layin toka a filin ƙwallo, ta ja wani ya tare shi. Ta aika aka fito da 'yan aji biyar duka. Ta ce musu makinsu dai na manne a bango kowa ya gani, amma wanda bai so ya tsaya gaban iyaye, ya koma aji ba laifi. Tasi'u ya ce, "Malama, faɗuwata ai ko awakin garinmu sun sani." Aka yi dariya, ba wanda ya koma.

Ta tsayar da kowa a inda ɗigonsa yake. Gwanayen noma suka matsa dama, gwanayen lissafi suka matsa gaba. Kafin a jima ga zanen Alhaji Mu'azu tsaye da ƙafafunsa a fili, ya gangaro daidai yadda yake a takarda, da cincirindon yara a kusurwar dama ta baya.

"To, ai ga shi nan!" in ji Alhaji Mu'azu. "Abin da nake faɗa ke nan."

"Haka ne, ranka ya daɗe." Ta juya wajen benci. "Baba Makau, in tambaye ka. Shekarar da kwaɗi suka cika kuka, yaya gero yake yi?"

"Kyau, in Allah ya yarda."

"To, mu kamo kwaɗi mu zuba a gona mana, gero ya yi kyau."

Dattijon ya kece da dariya har hularsa ta karkace. "Haba ɗiyata! Ruwa na ka kawo su duka biyu. Kwaɗo mi nai da gero?"

"Na gode, Baba. Yanzu don Allah ku taso, kada ku dubi fuskar yaran nan. Ku dubi ƙafafunsu."

Iyaye suka taso suka kewaye filin. Yaran gaba da na tsakiya, ƙafafunsu fes, wasu har da safa fara. Amma na kusurwar nan, kowanne da busasshen jan taɓo har ƙwauri, wandunan sun yi shati a inda ruwa ya tsaya. Ba a samu ko ɗaya a cikinsu mai tsabtar ƙafa ba. Wata mata daga ƙetaren gulbi, Uwani, mahaifiyar Dija, ta dafe ƙirji.

"Wayyo ni! Duk ɗiyan ƙetare na! Ga tawa, ga na Makau, ga na gidan liman."

Naja'atu ta ɗaga gefen rigarta kaɗan, ta nuna nata taɓon. Ta faɗa musu abin da ta gani da safe, jirgi da mashina, ƙofa da fartanya, da darasin farko. Ta ce gulbi ke makarar da su, makara ke raba su da lissafi, ita ce kuma ke kai su hannun Baba Haladu, shi kuwa ba ya barin yaro ya fita gonarsa hannu wofi.

"Masu taɓo, ku zauna ƙasa," ta ce.

Suka zauna. Waɗanda suka rage a tsaye sai ga su sun jeru wata fuska daban, daga hagu ta baya suna hawa zuwa dama ta gaba. Cikin yaran da ke samun darussan biyu cikakku, wanda ya iya noma shi ne ya iya lissafi.

Alhaji Mu'azu ya cire tabarau. Ya zagaya filin a hankali, ya je ta wannan gefe ya duba, ya koma ta wancan ya duba. Kowa ya zuba masa ido. Sai ya tsaya gaban Tasi'u da ke zaune a ƙasa.

"Kai, rabonka da darasin lissafi daga farko har ƙarshe?"

"Tun kafin ruwan farko, ranka ya daɗe."

Shugaban ya jinjina kai. Ya koma wajen babbar takardarsa, ya cire ta da kansa, ya naɗe ta ya saƙa a hammata.

"Jama'a, na kusa yanka saniyar da ba ta ci gonar kowa ba. Gona tana nan. Malam Haladu yana nan. Daga gobe lissafin 'yan aji biyar ya koma bayan hutun ƙarfe tara." Ya juya ga Makau. "Ku kuma na ƙetare, ku je ku sami mai jirgi. Mashin ba ya rubuta jarrabawa."

Uwani ta rangaɗa guɗa tun kafin ya rufe baki. Yara suka ɓarke da ihu, masu taɓo suka miƙe suna tsalle a kan layin toka har ya baje. Makau ya riƙe hannun shugaban da hannu biyu yana cewa yau ɗin nan zai tare mai jirgi, ƙanen matarsa ne, ya san ta inda zai kama shi. Naja'atu ta tsaya a tsakiyar hayaniyar, daɗi ya cika ta har ta rasa inda za ta sa hannuwanta. Ta nemi Malam Haladu a ƙarshen benci, ba ta gan shi ba.

Tana cikin waige-waige Malam Dabo ya iso, fuska a ɗaure, da fartanya a hannu.

"Malama, doka doka ce. Ke ma yau kin makara."

Ta karɓa ba musu. Ta zagaya bayan azuzuwa, ta ratsa cikin masara. Can ta same shi, ya juya baya, yana goge ido da gefen malafa. Da ya ji motsi ya yi maza ya kifa ta a ka, ya yi gyaran murya.

"Baba Haladu, an turo ni."

Ya dubi fartanyar, ya dubi taɓon rigarta. Sannan ya nuna mata kunya ɗaya da yatsa.

"Fara daga nan. Amma ki yi a hankali, ɗiyata, kada lissafinki ya ragu."

Ta duƙa ta kafa fartanya. A ƙarshen kunyar, a gindin masara, ta hango ƙullin leda an ajiye, ɗanyar kuɓewa na leƙowa ta bakinsa.