Sakatar Ƙofar Baya

Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta asibitinmu ta ɗauko wani tsohon wasa na ramuwar gayya. An kashe maigida a ɗakinsa, ɗansa ya bi kowa da takobi, kuma tun zamanin kakanni masana ke gardama kan uwar: ita ta zare wa makasa sakatar ƙofar baya, ko mantuwa ta yi? Ni aka ba uwar, wai fuskata ta dace. Na gode.

Ba ni da mai riƙe mini 'yata, don haka da ita nake zuwa gwajin wasan a ɗakin taro. Darakta, wanda mai haɗa magani ne in ana maganar aiki, ya ce in taɓa sakatar in ɗan yi murmushi, yadda 'yan kallo za su koma gida da kokwanto. A nan fasahar take, in ji shi.

'Yar kallo ɗaya kam ta koma da shi. Yarinyar ta shiga jan kujera tana tokare ƙofarmu, ta hana babanta barcin rana shi kaɗai. Rannan ina yi mata kitso ta ce, "Mama, ke kika buɗe musu?"

Na kai wa Darakta maganar, ya hau murna, wai wasan ya ratsa zukata. Na ce macen da ke da goyo, ga wanki a igiya, ga ƙaton ɗa mai takobi zaune a gida, don ta manta sakata sai a tara masana a kanta? Shi ɗan hannunsa ciwo yake?

"Sista, ba a gyara wa manya rubutu."

Ranar wasa 'yata na layin gaba, kan cinyar babanta. Na isa ƙofa, na tura sakatar har ƙarshe, na jijjiga ta don kowa ya shaida. Makasan, direban motar asibiti da mai gadi, suka tura, suka sake turawa. Maigida na kwance yana jiran ajali har ya gaji ya buɗe ido ɗaya. Daga ƙarshe ta tagar kwali suka faɗo, tagar ta biyo su.

Darakta ya ce na kashe gardamar da ta girmi kakata. An ba mai shara matsayin uwa, ni kuma labule nake ja yanzu. A hanyar gida 'yata ta riƙe hannuna gam, ta ce gobe a sa wa tagarmu ƙarfe.