Yatsu Goma a Gidan Mari

Kande, ya dawo! Wallahi Yaya Mijinyawa ya dawo, ga shi can a ƙofar ɗakin Inna yana shan kunu. Jiya har ya karɓi Baraka daga hannuna ya ɗora ta a cinya, ita kuma ta cafke masa gemu ta ƙi saki, sai da ya yi dariya. Rabon da mu ji dariyarsa tun kafin in yi cikinta. Na so in yi miki kaset, batir ya mutu, to ga shi a takarda. Amma zauna ki ji yadda Inna Hajo ta fito da shi daga gidan nan, don har yanzu in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Bara da rani ciwon ya taso masa. Ya daina barci, yana hira da mutanen da ba wanda yake gani, rannan kuma ya kwance shanu duka ya kora su yamma, wai ana kiransa. Shi ne Kawu Shitu ya kai shi gidan wani Malam Audu, can gaba da Fulatan, inda ake ajiye masu taɓin hankali a sa musu mari a ƙafa. Gida ne mai doguwar katanga, an jera ƙaya a kanta. Dokar gidan, ziyara sai Juma'a da hantsi. A fito da naka zaure na biyu, a zaunar da shi, a lulluɓe shi da bargo har kai, kaskon turare a ƙarƙashi. Ba ka magana da shi, ba ya magana da kai. Wai in iskar ta ji muryar dangi sai ta dawo.

Wannan doka ba ta taɓa damun Inna Hajo ba, don ko ba doka ba za ta yi masa magana ba. Ɗan farinta ne. Shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa ɗaga ido ta dube shi a gaban mutane ba. "Wancan", ko "shi", shi ke nan. In sun je, Kawu Shitu ne yake ɗaga bargon ya leƙa ya ce, "Sannu, sannu," ita kuwa ta zauna a gefen tabarma kanta a ƙasa, ta tura ƙwaryar fura gaba, ta tashi.

To da kakar bana ta kama, Kawu ya shiga cirar gyaɗa, ba shi da lokacin kansa. Inna ta ce ba komai, ta san hanya. Ta hau bayan Muntaka ɗan acaɓa daga nan Rogo, ƙwarya a cinya, suka tafi.

Tun daga nesa ta hango ungulu uku a kan kukar bayan gidan. Ta ce a'uzu billahi, ta kau da kai. A zauren farko ta tarar da mata huɗu suna jira, har da Goggo Turai, wata tsohuwa mai tsinin baki da 'yarta take ciki.

"Hajo, yau ke kaɗai? Ina ɗan rakiyar?"

"Yana gona."

"Gyaɗa ta fi ɗan 'yar'uwa ke nan. Ke kuma ko an fito miki da akuya a bargo, sai ki ajiye mata fura ki ce Allah ya ƙara sauƙi."

Matan suka yi dariya. Inna ma ta murmusa, ta gyara mayafi.

Sai ga Ɗantala, ƙaton da yake riƙe da makullan gidan. Da can ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa. Ran nan har da durƙusawa. Ina kwana, ina gajiya, yaya shanu, yaya mutan gida, yaya hanya. Ya leƙa bayanta.

"Malam Shitu bai zo ba?"

"Bai zo ba."

"Ko yana tafe?"

"Ba ya tafe."

"Madalla," in ji shi. Ya ce ta ɗan jira.

Wannan madallar ta tsaya wa Inna a rai. Jiran kuma ya yi tsawo, har aka shigar da mata biyu da suka zo bayanta. Iska tana kaɗowa daga cikin gida da wani wari da turare bai iya rufewa ba, irin warin da take ji in saniya ta yi gyambo.

Da aka kira ta, ta tarar an riga an zaunar da shi, bargo har ƙasa, hayaƙi yana fita ta gefe. Ta zauna inda ta saba, ta tura ƙwarya, ta sunkuyar da kai. Ɗantala yana tsaye a bakin ƙofa yana wasa da makullai.

"Sauƙi ya samu, Inna. Yanzu har salla yake yi."

"Alhamdu lillahi."

Idonta yana ƙasa, a ƙasan kuma ƙafafu ne biyu sun leƙo daga bakin bargo. Wanda ya shekara talatin ba ya duban fuska, ai ƙafa ya sani. Ɗanta yana ɗan shekara bakwai bijimi ya taka masa ƙafar hagu, ƙaramin yatsan ya tafi. Ita da kanta ta ɗaure wurin da tsumman zaninta.

Ta ƙirga na hagu. Biyar.

Ta ce ko hayaƙi ne ya shiga mata ido, ko kuma ta rikita hagu da dama. Ta goge ido ta ƙirga na dama. Biyar. Kuma duga-dugan nan ba faso, santsi gare su, na mutumin da ya saba da takalmi. Ɗanta kuwa tun tashinsa a bayan shanu yake.

Ba ta ɗago ba, ta ce, "Yana cin abinci?"

"Sosai. Kwano biyu."

"Furar nan da nake kawowa, shi yake sha?"

"To wa zai sha in ba shi ba?"

Sai ta miƙa hannu ta yaye bargon.

Wani mutum ne mai furfura a saje, ido jajur don hayaƙi, leɓe ya bushe ya tsage. Bai dube ta ba, ƙwaryar yake kallo. Ya ce a hankali, "Ba ni ba ne, Inna. An ce in na yi shiru za a ba ni furar."

Ɗantala ya yi wata 'yar dariya. "Kai, kuskure ne. Sun yi yawa, bargon kuma iri ɗaya ne."

"To kawo nawa."

"Naki yana halwa. Malam ya ce sai ya yi kwana arba'in ba a gan shi ba."

"Ina Malam ɗin?"

"Ya tafi masallacin Juma'a tun da wuri. Ki dawo wani satin da Malam Shitu."

Ungulun nan suka faɗo mata a rai. Ta tashi. Tsohuwar da ko gardama ba ta iya ba ta bi ta ƙarƙashin hannun Ɗantala ta faɗa tsakar gida, yana cewa mata ba sa shiga nan.

Ɗakuna ne a jere, hagu da dama, ƙofofin langa-langa, kowace da kwaɗo ta waje. Ba taga, sai ɗan rami a sama. Ta fara ƙirgawa ta kai goma sha ɗaya ta bari. Ba motsi, sai ƙarar ƙarfe jefi-jefi, sai ƙudaje. Wace za ta buga? Ɗantala yana tahowa a bayanta, bai ma yi sauri ba, don ya san ba za ta iya kama sunan ɗan farinta ba.

Ta buɗe baki, harshe ya yi mata nauyi kamar dutsen niƙa. Kiran farko ko ita ba ta ji shi ba. Sai ta cika ƙirji, ta saki muryar da take kiran shanu da ita daga hayin rafi.

"Mijinyawa!"

Gidan ya yi tsit. Sai wani ɗaki ya ce, "Na'am." Wani ma ya ce, "Na'am!" Kan ka ce kwabo duk ƙofofin sun ɗauka, maza da mata, ana dukan langa-langa, kowa yana na'am, na'am, ga ni nan, ni ne. Inna ta tsaya a tsakiya tana bin muryoyin ɗaya bayan ɗaya, ba tasa. Ta sake kira. Ta kuma kira.

Can daga ƙurya, bayan turken jaki, ɗakin da ake zuba harawa, wata murya siririya ta ce, "Inna? Ke ce kika faɗi sunana?"

Kafin nan hayaniya ta jawo matan zaure, Goggo Turai a gaba, Muntaka a bayansu. Goggo ta tare Ɗantala. "Buɗe, ɗan nema. In ka gama ka buɗe na 'yata, ni ma yau sai na ƙirga yatsu." Ya duba ƙofar waje, ya duba fuskokinsu, ya jefar da makullan a ƙasa.

Yana kwance a kan harawa, ya rame har haƙarƙari ana ƙirgawa. Ƙafar hagu ta kumbura ta yi kamar taɓarya, marin ya nutse cikin nama, ƙuda ya rufe wurin. Kwanon da yake gefensa har ƙura ta kwanta a ciki. Ashe tun sati biyu ƙarfen ya ci shi, suka ɓoye shi kada a gani, suna jira ya warke ko ya ƙarasa. Inna ta durƙusa, ta kama fuskarsa da hannu biyu, ta dube shi sosai.

Makullin marin ya ƙi juyawa saboda kumburi, sai da Muntaka ya ɗauko maƙeri ya yanke ƙarfen. Aka sa shi a a-kori-kura zuwa asibiti. Likita ya ce da an ƙara kwana uku, sai dai a yanke ƙafar, in ma ya kai. Sati uku suka yi a can. Yanzu yana ɗingishi, yana shan ƙwaya safe da yamma, wani lokacin yakan yi wa bango murmushi, amma yana barci, Kande, yana barci har da minshari! Goggo Turai ma ta tafi da 'yarta ran nan.

Sai dai gidan yana nan. Malam Audu ya ce shi bai san komai ba, ya kori Ɗantala, an ce wani ne yanzu yake yawo da makullan. Ƙofofin nan kuma da suka amsa, yawancinsu ba wanda ya zo musu.

Mutumin da aka sa wa bargon, da Inna za ta fito ta miƙa masa ƙwaryar, ya shanye tas, ya riƙe mata gefen zani. Ya ce sunansa Gwadabe, tela ne, mutumin Unguwar Hajji can Karaye wajenku, rabon da nasa su zo tun azumi. Don Allah ki sa maigidanki ya tambaya a layin teloli, a kai wa danginsa wannan labari yadda na ba ki. Ki faɗa wa duk wanda kika san yana da mutum a can. Su je da maza, kada su jira Juma'a, kuma in an fito musu da shi su ɗaga bargon.