Tsanin Kogi na Bakwai

Saura kwana tara Auta ta tsaya gaban malamai ta kare aikin digirinta na uku, sai ta kwaso taswirorinta ta taho gida, wai teburin falon Baba ya fi na ofis faɗi.

Aikinta a kan tsaunuka ne, irin waɗanda masana ke kira matasa don ba su wuce shekara miliyan biyar ba. Takan gina su a kwamfuta, ta sako musu ruwan sama, ta bar koguna su yi ta cin su har siffar ta zo daidai da ta gaske. Duk sa'ad da ƙasa ta turo tsauni sama da ƙarfi, kogi kan yi tsani, wato wurin da ruwa ke zubowa a tsaye, kuma tsanin yakan yi ta ja da baya a hankali. Daga inda ya kai ake lissafa lokacin da tsaunin ya tashi.

Koguna shida sun ba ta tsani ɗaya ɗaya, na bakwai ya ba ta biyu. A kan tsanin nan na biyu ta ɗora babi guda, cewa tsaunin ya sake tashi shekara dubu ɗari huɗu da suka wuce, ba wanda ya taɓa lura. Ko Farfesan da ke duba aikin nata, wanda yabo ke wa wuyar fitowa, sai da ya ce ba laifi.

Baba tsohon mai awon hanya ne, ya yi ritaya. Auta ba ta cika son ya matso kusa da aikinta ba, don tambaya ɗaya takan haifi labarin awa guda. Ranar dai ya tsaya a kanta da kofin shayi, ya sa tabarau, ya bi kogin da yatsa har tsanin.

"Auta, wannan shekara nawa kika ba shi?"

"Dubu ɗari huɗu, Baba."

"Ikon Allah! Ashe na tsufa haka ban sani ba."

Ya shiga ɗaki ya jawo tsohon akwatin ƙarfensa, wanda ita Auta ta sha cewa a zubar, yana tara kyankyasai. Ya ɗauko wani littafin awo da bangonsa ya ci ruwa, ya buɗe.

"Kogin nan da can zagaye yake yi, yana cin gindin hanyar da muke yi. Sai muka fasa dutsen da nakiya, muka yanke masa hanya. Ga zurfin, mita talatin da biyu, da hannuna na auna. Bana shekara arba'in da ɗaya."

Hanyar ta daɗe da mutuwa, shi ya sa Auta ba ta taɓa hawa wurin ba. Ta dogara da awon tauraron ɗan'adam, shi kuwa tsawo kawai yake gani, bai san bambancin aikin ruwa da na nakiya ba. Kunya ta kama ta, har da haushi, don babin nan shi ta fi so.

"Baba, da a gaban malamai wani ya gano wannan fa?"

"To ai ba a gabansu ba ne. A gabana ne, ni kuwa na ga abin da ya fi wannan tun kina rarrafe."

Ta cire tsanin, ta sake kunna lissafin. Kafin shayinsa na biyu ya huce, koguna bakwai sun yi baki ɗaya. Babi ya tafi, aiki ya tsaya da ƙafarsa. Ta dubi tsohon nan da take gudun labarinsa, godiya ta cika mata ciki har ta rasa ta inda za ta fara.

Ranar karewa, wani malami mai ƙwaƙwa ya tambayi dalilin cire tsanin kogi na bakwai. Ta haska hoton shafin a bango, rubutun Baba ne da fensir, a karkace. Malamin ya daɗe yana dubawa, ya ce wa ya yi wannan awo mai tsabta haka?

"Ga shi can a kujerar baya," in ji Auta. "Mahaifina ne."

Baba ya cire tabarau ya shiga gogewa da bakin riga, ya daɗe bai mayar ba.